Dan Allah masu sanin harkar dabbobi ku shigo, kafilina zai buɗe ƙaramin gidan zu a istiraha

Haddad_Hindawiyya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, Allah ya sa kowa ya wuni lafiya. Ni dai aikin walda nake yi a nan Jidda, ƙofofi da tagogi da rumfar mota su ne sana'ata tun ina yaro, ban taɓa ƙera wa dabba ɗaki ba in ba kejin tantabaru da na yi wa ƙanena a saman soro ba. To yanzu kafilina, mai gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, yana da istiraha, wato wurin shaƙatawa na bayan gari, a hanyar Usfan, fili ne babba ma sha Allah, ya tashi wai zai mayar da ɓangare guda ƙaramin gidan zu, iyalai su riƙa zuwa Juma'a da Asabar, makarantu su riƙa kawo yara. Har ya fara sayen dabbobin tun ba a kafa ƙarfe ko ɗaya ba, barewa shida, jimina biyu mace da namiji, ɗawisu huɗu, manyan kunkuru uku, beguwa biyu, aku da zomaye, kuma yana ta maganar biri.

Zanen da ya ba ni a bayan takardar fatura ya yi shi da biro. Layi ɗaya ne, ɗaki sha biyu, kowanne mita 3 a 4, ƙasa tayil, sama kwano, gaba gilas ko sandunan ƙarfe, kamar dai jerin shagunan Bab Makka. Wai don a riƙa wankewa da tiyo cikin minti biyar, kuma duk wanda ya zo ya ga dabba ba sai ya yi ta leƙe ba.

Abin da ya hana ni fara aikin shi ne shekaranjiya. Barewin nan an zuba su na wucin gadi a wani ɗan shingen waya kusa da inda na ajiye kayana, ni ban kawo komai a raina ba na kunna sarukh, injin nan na yankan ƙarfe, zan yanke bututu, wallahi ƙarar farko kawai, sai na ga sun tarwatse kamar an jefa musu wuta, ɗaya ta tafi kai tsaye ta doki wayar a kusurwa ta dawo ta sake doka, ƙafar gaba ta karye har ƙashi ya fito. Kafin magariba an yanka ta. Mai gida bai yi min faɗa ba amma ni tun ranar raina ba daɗi, idonta nake ta gani.

Don haka nake tambaya, tsayin shinge nawa ake yi wa barewa da jimina? Tayil ɗin nan ya dace? Za a iya haɗa wasu wuri ɗaya don a rage kuɗin ƙarfe? Sati biyu ya ba ni, ku taimaka.

Baba_Alkharj:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka ɗora wa kanka, laifin shingen ne ba na sarukh ɗinka ba. Ni shekara goma sha tara na yi ina kula da irin waɗannan a wata mazra'a, wato gona, a Kharj kafin gwiwa ta zaunar da ni, abin da ka ba da labari na gan shi ya fi sau biyar da idona.

Barewa in ta firgita ba ta ganin waya, filin da ke bayan wayar take gani, shi ya sa take tafiya da dukan ƙarfinta. Maganin abin mai arha ne, ka samu koren ragar inuwar nan da masu sayar da shuke-shuke ke rufe rumfa da ita, ko ganyen dabino busasshe, ka ɗaure a jikin shingen daga ƙasa zuwa kamar ƙirjinka, ta ga bango ne ta kauce. Sannan kar ka yi mata kusurwa ko ɗaya. Ku masu walda kun saba da sikwaya, komai sai ya zauna daram kusurwa huɗu, to a wurin barewa kusurwa tarko ce, nan take maƙalewa in tana gudu kuma nan babban namiji yake ritsa ƙarami ya soke shi. Ka lanƙwasa ko ka yanke kusurwar da ƙarin sanda biyu. Tsayi mu mita biyu da rabi muke yi. Fili kuma dogo ya fi murabba'i, in da hali kar ya gaza mita talatin a tsawo, kuma namiji babba guda ɗaya tak a cikin garke, in biyu ne cikin biyar ɗin da suka rage to ka shirya wa ɗayan wurinsa daban tun yanzu. Ƙasa yashi, amma wajen ruwan sha ka zuba tsakuwa ka daddaɓe, don kofatonta yana tsiro kullum, a daji duwatsu ke cinye shi, a kan yashi zalla sai ya yi tsawo ya lanƙwashe kamar takalmin Bagadaza ta fara ɗingishi.

Jimina kuwa kai ne babban abokin gabarta ɗana, kai da guntayen sandar waldarka. Duk abin da ke ƙyalli haɗiye shi take yi. Akwai wata da ta mutu mana bayan an gama gyaran shinge da kamar sati uku, ta daina cin abinci tana ta tsugunne, da likita ya buɗe ƙundunta muna tsaye a kai, ƙusa tara ya ciro, da murfin kwalbar lemo, da guntun waya kamar yatsa, da makullin janareto da muka yi wata guda muna zargin wani yaro ɗan Bangaladash da ɓatar da shi. Sai da na je na roƙi yaron gafara. Don haka in ka gama aiki ka ɗaura maganaɗisu a igiya ka ja shi a filin nan taki taki, sau biyu, kafin a saka ta. Ban da waya mai ƙaya, ban da raga mai manyan idanu da za ta cusa kai ta kasa fitarwa. Tayil kuwa haramun ne gare ta, yatsu biyu gare ta kacal, santsi ɗaya ƙafafun su wage, jiminar da ta wage ba ta sake tashi. Namijin in lokacin barbara ya zo za ka ga wuyansa da ƙwaurinsa sun yi ja, a lokacin nan ko wanda ya raine shi tun yana ɗan tsako bai sani ba, kuma gaba yake harbi ba baya kamar jaki ba. Ka yi kwamin abinci da na ruwa yadda za a cika su daga waje.

Beguwa biyun nan su za su ba ka mamaki. Mun taɓa gina musu bango da bulo har mita ɗaya da rabi muna jin mun gama, kwana huɗu suka haƙa ta ƙarƙashin harsashin ginin suka fita, da safe muka tarar sun tattauna tiyon ban ruwa layi guda sun cinye zuciyar ƙananan dabino. Sai an zuba kankare a ƙasa tukuna, sannan a ɗora yashi rabin mita a kai ta samu na tono, a kwantar mata da faffaɗan bututun siminti ya zama rami, a jefa mata kututture ta riƙa gaigaya. Katako ko roba a ƙofarta kar ka fara. Kuma ka gaya wa mai gidanka dabbar dare ce, masu zuwa da rana ƙayar wutsiya kawai za su gani.

Abu na ƙarshe, kowace ƙofa ka yi mata zaure irin na gidajenmu na can gida. Ka shiga ta farko ka rufe sannan ka buɗe ta biyu. Yawancin dabbar da ta tsere ba shinge ta fasa ba, ta ƙofa ta bi lokacin da mai shara ke fama da baro. Ko zakin nan na gidan zu na Kano da ya fita a watan Oktoba 2019 ai wajen mayar da shi keji abin ya faru.

DanTakari_99:

hhhh wlh wannan zanen na kafilinka irin dakunan da ake bamu haya ne a Karantina, mita 3 a 4 rufin kwano babu taga, bambancin kawai su barewa baza a karbi ijar a hannunsu ba. Baba Allah ya kara lfy wannan labarin makullin janareto ya kasheni. ni shawarata daya ce kace masa ya hakura da biri, wanda ya taba tsayawa a hanyar Hada ta Da'if inda birai suke ya bude gilas din mota da leda a hannu yasan me nake nufi

Yar_Maiwurno:

Sannunku da hira. Baba ya gama magana a kan aikin hannu, Allah ya saka masa, ni ɗan abin da na karanta zan ƙara. Likitancin dabbobi na yi a Shambat a jami'ar Khartum, yaƙin nan ne ya dawo da mu gida sannan ya turo mu nan Madina wajen yayata.

Ɗan uwa zanen da aka ba ka ba sabon abu ba ne, haka gidajen zu na Turai suke shekara ɗari da wani abu da suka wuce, jerin akurki kowace dabba a nata kamar kaya a kanta. Wani Bajamushe mai fataucin namun daji, Carl Hagenbeck, shi ya fara karya wannan tsarin da ya buɗe nasa a Hambag a 1907, ya cire sandunan ƙarfe ya sa rami mai faɗi tsakanin mutum da dabba, ya gina duwatsu a baya. Bayansa wani masani ɗan Siwizalan, Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidan zu na Zurik, ya yi bayanin abin da ya kashe barewarka tun kafin a haife mu. Ya ce kowace dabbar dawa tana da tazarar gudu, wato iyakar kusancin da za ta iya jure wa abin tsoro, in an ƙetare ta sai ta zabura, in kuma babu wurin zuwa sai ta haukace ko ta juyo ta yi faɗa. Yanzu ka duba ɗaki mai zurfin mita 4, yaro ya manna fuska a gaba yana ihu, barewa ta ja baya har bango amma har yanzu yaron yana cikin tazararta. Ya'ani daga safe har dare tana cikin halin gudu alhali tana tsaye wuri ɗaya. Irin wannan ba ta daɗewa, za ka ga gashi na zubewa, ba ta haihuwa, ƙaramin ciwo ya kayar da ita, a ce ai iskar wurin ce ba ta karɓe ta ba. Shi ya sa zurfin wuri daga inda mutane ke tsayawa ya fi faɗinsa muhimmanci, kuma masu kallo su tsaya ta gefe ɗaya ko biyu kawai, kar a bari su zagaye dabba ta ko'ina, kar kuma a yi musu dandamali suna leƙo ta daga sama, abin da ke zuwa ta sama a wurinta mai farauta ne.

Maganar tayil da saukin wanki, ko manya sun faɗa wannan ramin. A gidan zu na Landan akwai tafkin tsuntsayen fengwin da aka gina a 1934, farin siminti da hanyoyi masu lanƙwasa, masu zanen gine-gine har gobe suna zuwa ɗaukar hotonsa, amma a 2004 kwashe tsuntsayen aka yi saboda tsayuwa a kan kankare tana lalata musu ƙafa. Ginin yana nan, ba fengwin ko ɗaya.

Kunkurun nan in manyan nan ne masu ruwan ƙasa to 'yan ƙasarmu ne, na yankin Sahel, daga Sudan har Senegal. Kar a sa su bayan gilas ko ƙarƙashin rufi gaba ɗaya. Akwai wani sashe na hasken rana da jikinsu ke buƙata kafin ya iya amfani da sinadarin ƙashi, gilas yana tare shi, sai ka ga ƙoƙon baya ya yi laushi ko ya fito ƙulu ƙulu. Rana da safe, rami mai sanyi da ɗan danshi da tsakar rana, ciyawa busasshiya ta fi yawa a abincinsu, ba tumatir da ayaba da ragowar kabsa ba. Bangonsu ya zama wanda ba sa ganin waje ta cikinsa, in suna gani za su wuni suna tura shi, kuma ƙarfi gare su kamar buldoza. Aku kuma tsawon keji yake so fiye da tsayi tunda a kwance tsuntsu ke tashi ba kamar roka ba, a sa masa rassan itace masu kauri daban daban maimakon bututu, kuma sabuwar raga mai ruwan tutiya ka goge ta da buroshi da khal, wato binega, ka wanke kafin a saka shi, yana tauna ta kuma guba ce gare shi. Ɗawisu wutsiyar namiji ta kai mita ɗaya da rabi, a ɗaki mai faɗin mita 3 duk juyi sai ta goga bango, wata biyu ta koma tsintsiya, kuma a sama yake kwana sai an yi masa sanda mai tsayi. Ka zagaya istirahar in akwai dafla, furen nan mai ruwan hoda da ake shukawa a bakin titi, a tumɓuke ta daga ɓangaren dabbobi, ganye kaɗan ya isa ya kashe barewa. A ware kuma ɗaki ɗaya can nesa na killace sabuwar dabba wata guda kafin ta shiga cikin sauran.

Abin da ya fi damuna dai ba ƙarfe ba ne. Mu 'yan Sudan mun ga ƙarshen gidan zu da aka gina ba a yi lissafin gobe ba. Tsohon na Khartum da iyayenmu ke ba mu labari a bakin Nilu an tashe shi, otal ɗin nan mai kama da ƙwai ne a wurin yanzu. A watan Janairu 2020 duniya duka ta ga hotunan zakunan lambun Ƙurashi, haƙarƙari a waje ana ƙirgawa, kejinsu lafiya lau babu inda ya karye, abinci da magani ne babu. Osman Salih da matasan da suka taimaka masa suka buɗe musu wuri a Bagair kudu da Khartum, suka farfaɗo, sai yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 wurin ya koma tsakiyar wuta, sai a ƙarshen shekarar ƙungiyar Four Paws ta samu ta kwashe su, wasu suka ƙare a Jodan wasu a Afirka ta Kudu. Ka tambayi mai gidanka, ranar da kasuwa ta juya masa baya ko sha'awar ta fita daga ransa, wa zai sayi barsim, ciyawar da suke ci? Kunkurun nan kaɗai za su iya wuce shekara hamsin a raye.

Muallim_Misfala:

Likita Allah ya ƙara ilimi, amma bari in ɗan ja da maganar ramin Bajamushe kar yaron nan ya je ya faɗa wa kafili a yi masa dariya. Ni gini nake yi a Makka shekara ashirin da biyu. Rami mai ruwa a Hambag daidai ne, sama ke ba su kyauta. A hanyar Usfan ruwan wayit ake saya tanka tanka, rana ta shanye rabi, ragowar ya yi kore ya zama gidan sauro, Jidda kuma kowa ya san zazzaɓin dengi, baladiyya na ganin ruwa a kwance tara ce. Busasshen rami kuma yana cin fili, sannan sai an yi lissafinsa daidai, a San Faransisko a 2007 wata damisar Saibiriya ta hau bangon raminta ta fito ta kashe wani saurayi, da aka auna bangon bai kai mita 4 ba alhali mita 5 ake so. Ga barewa da jimina raga mai kyau baƙa ta isa, baƙin fenti ido yana ratsa shi kamar babu komai, fari ko azurfa shi ke ƙyalli ya tare kallo. Sannan a bar mita ɗaya da rabi tsakanin ragar da inda yara ke tsayawa, a sa ƙaramin shinge da shuke-shuke a tsakani, yatsa ba zai kai bakin jimina ba, cingam ma ba zai kai ba.

Abin da ba wanda ya taɓo sosai shi ne zafi, kuma shi zai fara kashe su kafin komai. Kwano a kan ɗaki mai bango uku a watan Yuli tanda ce, ka shiga kwantena da azahar ka ji. In dole sai kwano to a ɗaga shi mita uku da rabi zuwa huɗu, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa, a shimfiɗa ganyen dabino a samansa. Ka tsaya a filin da ƙarfe uku na rana ka ga inda inuwa take faɗuwa kafin ka kafa sanda, ranar yamma ta fi ta safe mugunta, bangon da zai tare ta ya kasance ta yamma. Itace ya fi duk wata rumfa, magarya da darbejiya suna jure ƙasar nan, dubi dai na Arfa, amma a kewaye gindin da raga don barewa na ɓare ɓawo. Bishiyar bazromiya kar a kusantar da ita da bututu, saiwarta sai ta shiga ciki. Kuma kar wani ya ruɗe ku da mukayyif sahrawi, na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa, don ya gan shi yana aiki a Riyad, can iska busasshiya ce, a gefen Jidda da damshin teku sai dai ya ƙara muku gumi. Damshin nan shi ne kuma zai ci ƙarfenka, duk inda ka yi walda ka goge ka shafa jan fenti na hana tsatsa a ranar, kar ka ce sai an gama.

Magudanar ruwa kuma daga ita ake fara gini ba a ƙarshe ba. Ƙasar ɗakin kwana ta ɗan gangara zuwa waje, ruwan wankin wannan kar ya bi ta ɗakin wancan, cuta ta nan take yawo. Ka duba kuma filin ba a bakin wadi yake ba, wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ba sai an yi masa bayani ba.

Yadda za ka shawo kan kafili kuwa, kar ka je masa da tausayin dabba, da riyal za ka je masa. Ka lissafa masa kuɗin tayil da gilas na ɗaki sha biyu, ka lissafa na raga da yashi na fili huɗu, ka ɗora kuɗin barewar da aka yanka a kai, ka ajiye masa takardar ka yi shiru.

Dalibi_Jamia_Madina:

Jazakumullahu khairan. Muallim na fahimci dabararka amma ni ina ganin a gaya masa ɗayar ma, Musulmi ne. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa yana cikin Bukhari da Muslim, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Malamai sun halatta ajiye dabba, suna kafa hujja da ɗan tsuntsun da ƙanen Anas, Abu Umair, yake wasa da shi kuma Annabi (SAW) bai hana ba, amma da sharaɗin a ba ta haƙƙinta. Wanda ya kulle ƙofa duk abin da dabbar za ta nema wa kanta a daji ya dawo wuyansa, inuwa da ruwa da wurin ɓuya duka.

Sannan akhi ka kare kanka ta wajen hukuma. Namun daji a ƙasar nan suna ƙarƙashin cibiyar kula da namun daji ta ƙasa, akwai manhajarsu ta Fiɗri da ake neman tasrihi, wato takardar izini, barewa ba akuya ba ce da za a sayo a kasuwar gwanjo a ɗaure. Masu farauta irin su zaki da damisa da kura an hana mutum ajiye su, tun ma bayan wanda zakinsa ya kashe shi a Riyad a 2021 aka ƙara tsanantawa. Ka tambaye shi cikin ladabi ko takardu sun fito kafin ka kafa ƙarfe, don ranar da aka zo tafteshi, wato bincike, shi ɗan ƙasa ne, kai kuma iƙama gare ka. Biri kuwa na goyi bayan ɗan uwa na sama, gwaggon birin Ɗa'if a cikin dangi yake rayuwa, namiji da matansa da 'ya'ya, in ka ware guda ka kulle za ka same shi yana cizon hannunsa yana tuge gashin jikinsa.

Haddad_Hindawiyya:

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya biya ku duka. Jiya bayan isha'i na kai masa lissafin kamar yadda Muallim ya ce, na karanta masa na Baba da na likita ina fassara masa. Labarin makullin janareto sai da ya sa na maimaita. Tayil ya faɗi, gilas ya faɗi in ban da wajen zomaye da ya kafe, biri ya ce khalas ya fasa, takardu kuma ya ce ɗansa na bi, ni dai na ce ba zan taɓa wajen barewa ba sai na gani a wayarsa. Ɗaki sha biyu ya koma fili biyar da ɗakin killacewa a bayan makhzan. Dafla kuwa layi guda muka samu a jikin katanga, yau da safe aka fara cirewa.

Inda muka maƙale shi ne wurin ɓuya. Ya ce shi ba zai karɓi riyal ashirin a hannun mutum ya shigo da 'ya'yansa ya tarar da fili fayau barewa na bayan ganyen dabino kunkuru na cikin rami ba, wai me ya bambanta shi da wanda ya sayar da iska. Gaskiya ni ma ban san amsar da zan ba shi ba. Baba yaya kuke yi da wannan?

Baba_Alkharj:

Ɗana mai gidanka bai yi ƙarya ba, amma abin a juye yake. Barewar da ta san tana da inda za ta shige ita ce take fitowa ta tsaya tana kallonka, wadda ba ta da shi ita ce take manne a bango tana rawar jiki. Mu da muka sa musu labule sati biyu ba mu gan su sosai ba, daga nan sai ga su har bakin raga suna shinshina hannun riga.

Dabarar ita ce ka kai abin da suke so kusa da masu kallo. Inuwar da ta fi sanyi da kwamin ruwa ka yi su ta gaba, kamar mita shida zuwa takwas daga inda mutane ke tsayawa, labulen ɓuya ya koma can baya inda babu wani abin marmari. Barsim kuma kar a zuba shi duka da asuba, a raba, kaso mai kyau a ajiye sai bayan la'asar lokacin da iyalai ke shigowa, ai dama ba mai zuwa istiraha da azahar. Kunkuru da kansa yake fitowa in rana ta yi sanyi, a yayyafa ruwa a gaban raminsa ka ga ikon Allah. Beguwa dai a haƙura, sai dai a sa mata jan ƙwan fitila mara ƙarfi don masu zama har dare.

Ranar da za a mayar da barewin sabon wuri a yi shi da sassafe, mutum biyu kawai, ba ihu ba kora, kuma sarukh ɗinka ya kwana a mota. Ka turo min hoton ƙofar zauren kafin ka yi mata fenti, ina so in ga ta wane gefe sakatar take.